Kafin a Kwaɓa: Gwanintar Masu Sa wa Kankare Kunne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Gulbin Zamfara a Jega lokacin da tirela ke hawa ya san yadda wurin ke kaɗawa a ƙarƙashin ƙafa. Hanyar nan da ta taso daga Sakkwato, ta bi ta Tambuwal da Aliero, ta ratsa Jega ta nufi Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora, ba ta hutawa. Albasar Aliero da ta ƙauyukan Sabiyal ta nan take gangarawa kudu, haka shinkafa da shanu da simintin Kalambaina, daga kudu kuma tankokin mai su hauro. Kowace taya ta taka gada sai ta matse kankaren ta sake shi, dare da rana, damina da rani. Shi kuwa kankare yana da haƙurin danniya amma ba ya jure ja: abin da zai ɗauka idan ana jan sa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na wanda yake ɗauka idan ana danna shi. Dalilin sa masa rodi ke nan, kuma dalilin tsagewarsa ke nan, tsaga siririya wadda sau da yawa daga can ciki take farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a kankare kuwa ƙadangaren shi ne ruwa. Ya shiga ya tarar da rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, ta ƙara buɗa tsagar.

A ranar 14 ga Agusta 2018 gadar Morandi da ke birnin Genoa na Italiya ta rufta, mutum 43 suka rasu. Igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita a lulluɓe suke da kankare, tsatsa tana cin su inda ba mai gani. Mu ma nan ba mu manta da gadar Tatabu ba, tsakanin Mokwa da Jebba, wadda ta karye a daminar 2017 ta tsayar da manyan motoci, balle ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi ta ɓata hanyoyi da gadoji.

Magina suna da tsohuwar hanyarsu ta bincike, kuma hanya ce mai kyau. Birkila zai ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa fila, ya karkata kai. In sautin ya fito tsaf sai ya matsa gaba. In ya ji ya mutu, ya yi ɓum-ɓum, sai ya kira yaronsa: "Kai, zo ka ji, nan akwai rami a ciki." Har yau injiniyoyi masu duba gadoji a manyan ƙasashe suna yin haka, wani lokaci su ja sarƙa a kan daɓen gada suna sauraro. Sai dai guduma ba ta jin abin da ke can ƙuryar ginshiƙi, kuma ranar da mai duba ya zo kaɗai take aiki. Kunnen mutum ma yana da iyaka: sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a sakan ba ma jin sa, alhali ƙarar da tsaga ke yi lokacin da take buɗewa a cikin kankare takan kai kaɗawa dubu ɗari da ɗoriya a sakan. Abin da ake buƙata shi ne kunnen da zai zauna a cikin kankaren tun ranar zubi, ya tsufa tare da shi, yana ba da labari kullum.

An daɗe da samun abin da zai iya wannan ji. A shekarar 1880, a birnin Paris, wasu 'yan uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu, irin su kwatz, da idan aka matse su sai caji na lantarki ya taru a fuskokinsu. Shekara ta zagayo Gabriel Lippmann ya nuna ta hanyar lissafi cewa dole abin ya yi aiki ta baya ma, wato in an sa wa dutsen wuta zai ɗan miƙe ko ya tsuke, su Curie suka gwada suka tarar haka ne. Tun daga tushe ke nan, a wannan fanni lissafi yakan riga gwaji isa. Wannan lantarkin matsi yana aljihun kusan kowa. Laitar da ake dannawa ta yi ƙas ta kunna gas, wani ɗan tangaran ne a ciki ake bugawa ya fitar da dubban bolt. Agogon hannu mai batir yana ƙirga lokaci ne da ɗan kwatz mai kaɗawa sau 32,768 a sakan. Na'urar hoton ciki da ake ɗora wa mai juna biyu a asibiti da shi take aika sauti ta karɓi amsa. Har ƙashin da masu ɗorin Aliero suka yi suna wajen gyarawa yana da wannan hali: Eiichi Fukada da Iwao Yasuda na Japan sun auna shi a busasshen ƙashi a 1957.

Kwatz rowa gare shi. Awon da ake yi wa waɗannan abubuwa shi ne yawan cajin da suke bayarwa a kan kowane niyutan na matsi, niyutan ɗaya kuwa kusan nauyin giram 100 ne, cajin kuma ana ƙirga shi da fikokulom. Kwatz yana ba da wajen 2. A farkon shekarun 1950 masu bincike a Tokyo suka yi nazarin wani tangaran da ake gasawa daga dalma da zakoniyam da taitaniyam, wanda duniya ta sani da PZT, a 1954 kuma Bernard Jaffe da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa idan zakoniyam da taitaniyam suka kusa yin kankankan, wajen 52 da 48, ƙarfinsa yakan yi tashin gaske. Nau'o'in da ake sayarwa yau suna ba da daga 300 zuwa kusan 600.

To me zai hana a jefa guntun PZT cikin kankare a huta? Ana yin haka, a ƙunshe shi cikin abin kariya a binne, kuma Gangbing Song na Jami'ar Houston ya yi suna a wannan hanya. Amma akwai wata matsala da lissafi ke nunawa tun kafin a ɗauki shebur. Kowane abu yana da tasa turjiya ga sauti, ana samun ta ne idan aka ninka nauyin kubik mita ɗaya na abin da saurin sauti a cikinsa. Kubik mita na kankare kilo 2,400 ne, sauti yana gudu a ciki wajen mita 4,000 a sakan, turjiyarsa ta kama miliyan 9 zuwa 10. PZT ya ninka shi nauyi fiye da sau uku, kilo 7,600 ko kusa da haka, turjiyarsa ta haura miliyan 30. Duk inda sauti ya zo iyakar abubuwa biyu masu bambancin turjiya, wani kaso nasa juyawa yake yi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ɗebe ƙarami daga babba, a raba da jimillarsu, a ninka amsar da kanta. Da 30 da 9, amsar tana kusa da kashi 30 cikin 100. Kusan sulusin saƙon ke nan ya koma tun daga bakin ƙofa, saƙon da dama can raunana ne. Ban da haka, zafi da sanyi ba sa miƙar da tangaran da kankare daidai wa daida, ga gam ɗin da ake liƙa na'ura da shi a jikin gini yana tsufa ya saki tun ginin yana da sauran shekaru masu yawa.

A 2002 Zongjin Li na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, tare da Dong Zhang da Keru Wu, suka wallafa wata dabara: a niƙa PZT ya zama gari, a gauraya shi da siminti. Siminti ya fi kankare sauƙin turjiya, PZT ya fi shi, ke nan a tsakani akwai wani haɗi da zai yi daidai da kankare. Sun same shi a wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na girman haɗin. Abin da ya fito ɗan uwan kankare ne na jini: yana kama shi ba tare da gam ba, yana miƙewa da tsukewa kusan tare da shi, sauti yana shiga cikinsa ba tare da ya juya ba. Daga nan wasu suka ɗora, Cheng Xin da Huang Shifeng a Jami'ar Jinan ta ƙasar Sin, Arnon Chaipanich a Chiang Mai ta Tailan, Huang Hsing Pan a Kaohsiung ta Taiwan.

A nan gwanintar da nake son yabawa take farawa. Kwaɓa garin tangaran da siminti kowa zai iya. Faɗin abin da kwaɓin zai yi kafin a kwaɓa shi, wannan sai gwani. Kuma gwanin yana da dalilin matsa wa kansa, domin kowane gwaji yana da tsada da cin rai. Sai an auna gari, a gauraya, a zuba a ƙoƙon ƙarfe a danne da injin matsi, a fitar da ɗan faifai da faɗinsa bai kai santimita 2 ba, a ajiye shi cikin laima ya yi ƙwari, a goge fuskokinsa su yi sumul, a shafa musu fentin azurfa, a kai shi saiti, wato a ɗora masa wutar da za ta sa ya fara aiki, sannan a yi ta auna shi makonni. Abubuwan da za a iya canzawa kuma suna da yawa: yawan garin, girman ƙwayoyinsa, irin siminti, yawan ruwa, ƙarfin danniya, zafi da ƙarfin wuta wajen saiti, abin da aka barbaɗa a kai. In mutum ya ce zai gwada kowanne da kowanne, ransa ba zai kai ba. Mai lissafi shi ne ke cewa, cikin haɗi ɗari biyar ga guda takwas da suka cancanci a ɓata musu gari.

Tarkon farko yana wurin awo. Kashi 50 na girma daban yake da kashi 50 na nauyi. Tun da PZT ya kai 7,600, busasshen kwaɓin siminti kuma wajen 2,000, rabi da rabi a girma yana nufin kusan kashi 79 na nauyin haɗin tangaran ne. Wanda ya ɗora a sikeli ya auna rabi da rabi zai ƙare da haɗin da tangaran wajen kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na girmansa, ya zauna yana mamakin shirun da na'urarsa ta yi.

Na biyu shi ne tsarin zama. A 1978 Robert Newnham da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Pennsylvania suka tsara hanyar ambaton yadda abubuwa biyu ke zaune a cikin haɗi, suka ƙirga iri goma. Ana ba kowane abu lamba daga 0 zuwa 3, gwargwadon fuskokin da yake haɗe da kansa. Garin da ke warwatse, kowace ƙwaya ita kaɗai, a cikin simintin da ya game ko'ina, shi ne 0-3. Siraran sandunan tangaran da aka jera tsaye siminti ya kewaye su, 1-3. Falle-falle, tangaran da siminti bi da bi, 2-2. Da tangaran iri ɗaya, da yawa iri ɗaya, amsar takan bambanta ninki goma saboda tsarin zama kawai. Sanduna da falle suna ba da caji mai yawa, domin matsi da wuta suna bin tangaran daga wannan fuska zuwa waccan ba yankewa, amma yanka su aiki ne na injin zarto mai bakin lu'ulu'u. Gari ya fi arha da sauƙin siffantawa, shi ne kuma ya fi wahalar hasashe.

Ga inda wahalar take. PZT da ya fito daga wuta bai iya komai ba tukuna. A cikinsa akwai ƙananan yankuna, kowanne da alƙiblar cajinsa, sun fuskanci ko'ina, suna kashe juna. Sai an yi masa saiti: a tsoma faifan cikin man silikon mai zafin digiri 100 zuwa 130, a ɗora masa wuta wajen bolt 2,000 a kan kowace milimita ta kaurinsa, a bar shi kamar minti 30 zuwa 45, yankunan su juya su fuskanci wuri ɗaya. A cikin haɗin 0-3 kuwa wutar sai ta ratsa siminti kafin ta isa ƙwayar tangaran, kuma ba ta rabuwa da adalci. Tangaran yana da iya riƙe caji mai yawa, a ce 3,000 a ma'aunin da iska take 1. Busasshen siminti, mu ɗauka 50. Ƙa'idar ƙwaya guda a cikin wani abu ta ce ƙarfin wutar da ke shiga ƙwayar shi ne uku sau 50, a raba da 100 da 3,000 a haɗe. Bai cika kashi 5 cikin 100 ba. Sauran ya maƙale a siminti. Shi ya sa tangaran mai ba da 500 idan ya shiga siminti a matsayin gari sai a tarar yana ba da 'yan gomomi kawai.

Mai gaggawa zai ce a ƙara wuta. In an ƙara, tartsatsi ya huda faifan ta wata kafa mai laima, aikin makonni ya lalace. Mai lissafi yakan bi ta wata ƙofa. Ya san cewa a lokacin saiti, da wutar da ba ta juyawa, rabon yana bin yadda kowane ɓangare ke barin wuta ta wuce. Ke nan in aka sa siminti ya ɗan ƙara barin wuta wucewa, kason tangaran zai ƙaru. Sai a barbaɗa garin kabon kaɗan. Gwaje-gwajen Jinan da wasu wurare sun nuna cewa wajen kashi 1 cikin 100 yana ɗaga amsar sosai. In aka zarce, ƙwayoyin kabon su taɓa juna su yi wa wuta hanya daga fuska zuwa fuska, saiti ya gagara, cajin da aka samu ma ya zurare. Tsakanin bai isa ba da ya yi yawa tazarar 'yar kaɗan ce, kuma gano ta a takarda yana daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a wannan sana'a. Haka girman ƙwaya: Chaipanich ya nuna cewa manyan ƙwayoyi sun fi ƙanana ba da caji, domin iyakokin da wuta da matsi za su tsallaka sun ragu. Sai dai manyan ƙwayoyi ba sa rabuwa daidai a siririn faifai, kowane faifai ya fito da nasa hali.

Ƙa'idojin hasashen suna da matakai. Mafi sauƙi biyu ne: a ɗauka abubuwan biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ko a ɗauka ɗaya yana kan ɗaya. Da alƙaluman ɗazu, rabi da rabi, ta farko ta ba da iya riƙe caji 1,525, ta biyu ta ba da 98. Gaskiya tana tsakani, amma filin yana da faɗi ƙwarai. Duk aikin da ya biyo baya na matse wannan fili ne. Takeo Furukawa da abokansa, cikinsu har da Fukada mai awon ƙashi, sun fitar da ƙa'ida a shekarun 1970 don ƙwayoyin tangaran a cikin roba, suna ɗaukar ƙwayoyin a matsayin mulmulallu masu nisa da juna. Hisao Banno ya ɗauke su a matsayin ƙananan akwatuna. Wasu suka koma ga lissafin da John Eshelby ya yi a 1957 kan abin da ke faruwa da baƙon abu a cikin daskararren jiki, da gyaran Mori da Tanaka na 1973 wanda ya sa maƙwabtakar ƙwayoyi a lissafi, har Dunn da Taya suka haɗa shi da lantarkin matsi a 1993. Kowace ƙa'ida tana da abin da ta kau da kai daga gare shi. Ta Furukawa tana da kyau muddin garin bai yi yawa ba, in ya kai rabi ƙwayoyi suka fara taɓa juna sai ta fara faɗin ƙasa da abin da ake aunawa. Gwani ya san inda kowacce ke tsayawa, kuma wannan sanin ya fi haddace ƙa'idojin daraja.

Akwai kuma wani zaɓi da sai an san aikin da na'ura za ta yi. Yawan caji awo ɗaya ne, yawan bolt wani awon ne, kuma ana samun na biyu idan aka raba na farko da iya riƙe caji. Haɗin siminti yana da ƙarancin caji, amma iya riƙe cajinsa ma ya faɗi ƙasa, don haka bolt ɗin da yake bayarwa kan matsi yakan yi kusa da na zallar PZT, wani lokaci ya wuce. Na'urar da aikinta sauraro ne kawai ba ta yi asara mai yawa ba. Wadda za ta aika sauti cikin gini tana buƙatar ƙarfi, ita gara a yi mata 1-3 ko 2-2. Mai ƙira nagari tambayarsa ta farko ita ce, me ake son ji, a wane zurfi, da wane irin awo a ƙarshen waya.

Abin da ya raba siminti da roba shi ne rai gare shi, bai gama zama ba. Injiniyoyi suna auna ƙarfin kankare a kwana 28, amma haɗuwar siminti da ruwa tana ci gaba watanni da shekaru. Cikinsa cike yake da ƙananan kafofi, a kafofin akwai ruwa mai gishiri-gishiri, ruwa kuwa iya riƙe cajinsa wajen 80 ne kuma yana barin wuta ta wuce. Lambar 50 da muka ɗauka ɗazu za ta iya ninkuwa idan faifan ya sha laima. Zallar PZT amsarsa raguwa take yi a hankali bayan saiti. A haɗin siminti kuwa ɗakunan gwaji da dama sun ga akasin haka, amsar tana hawa kwanaki da makonni kafin ta tsaya, kuma masu bincike suna danganta hakan da ci gaban daskarewar siminti da motsin ruwa a kafofinsa. Pan ya nuna cewa gasa faifan kafin saiti, don a kori ruwan da ke yawo, yana gyara sakamako ƙwarai. Wanda zai yi hasashe a nan dole ya sa lokaci da laima cikin lissafinsa, in ba haka ba na'urar za ta canza murya a yi zaton gada ce ta canza.

Yanzu kwamfuta ta shigo. Ana zana ɗan akwati na haɗin a cikinta, a warwatsa ƙwayoyi barkatai yadda suke a zahiri, a sa kafofi, a sa siririn ɓawon da ke tsakanin ƙwaya da siminti inda kamun bai cika ba, a gutsuttsura akwatin zuwa dubban ƙananan sassa, a danna shi a lissafi a ga cajin da zai fito. Wasu kuma suna tara sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa su ciyar da ƙirƙirarriyar basira ta koyi alaƙar haɗi da amsa. Ina ganin amfanin wannan, amma ina girmama wanda ke amfani da ita da taka tsantsan. Gwaje-gwajen fannin ba su da yawa, an yi su da siminti daban-daban a yanayi daban-daban, na'ura mai koyo kuma tana iya ba da amsa mai kyan gani a inda ba a taɓa auna komai ba. Gwanin gaske yakan ɗaure ta da dokokin kimiyya, ya hana ta fita daga iyakar nan ta 98 da 1,525, ya ɓoye mata wasu gwaje-gwaje don ya jarraba ta da su, sannan ya koma ɗakin gwaji ya kwaɓa abin da ta faɗa. In awo ya saɓa da hasashe, hasashe ake gyarawa, kuma yakan rubuta saɓanin a fili domin na baya su amfana.

Idan na'urar ta fito yadda aka yi hasashe, aikinta a gini kala-kala ne. Tana iya zama shiru tana jiran ƙarar tsaga. Da na'urori huɗu ko fiye a ginshiƙi ɗaya ana gano inda ƙarar ta taso, domin sauti yana cin mita ɗaya a kashi 250 cikin miliyan na sakan, bambancin lokacin isarsa ga kowacce ya nuna wurin. Ana iya sa ɗaya ta aika ɗaya ta karɓa, in saƙon ya fara jinkiri ko raunana an san wani abu ya shiga tsakani. Da wannan hanya ana bin ƙwarin sabon zubi tun kwanakin farko, a san ranar da ya dace a cire katako. In aka binne ta a daɓen hanya kuma tana ƙirga motoci ta kimanta nauyin da kowace gatari ta ɗora, abin da ke da muhimmanci a hanyar da lodi ya saba wuce ƙa'ida. Sa ido irin wannan ya riga ya zama aiki a wasu wurare, da na'urori iri-iri: bayan gadar I-35W ta faɗa Kogin Mississippi a Minneapolis ranar 1 ga Agusta 2007 ta kashe mutum 13, sabuwar gadar kankare da aka buɗe a 2008 an gina ta da na'urorin awo sama da 300.

Alƙaluman da ke cikin ƙa'idojin nan an auna su ne a Hong Kong da Jinan da Chiang Mai, da simintinsu da iskarsu. Simintin da ke kasuwar Jega yawancinsa mai haɗin farar ƙasa ne, mai lamba 32.5 ko 42.5, kuma kafofinsa da riƙon ruwansa nasa ne. Yanayinmu ma nasa ne: hunturu ya busar da kankare ƙayau, bazara ta kai iska digiri 40 da ɗoriya daɓen gada kuma ya fi haka nesa, Agusta ya jiƙa komai. Na'urar da za ta zauna a ginshiƙin da ruwan gulbi ke rufewa wata uku ya sake shi wata tara tana buƙatar lissafin da aka yi mata ita. Mafi yawan wannan aiki kuwa ba ya neman injuna masu tsadar gaske. Auna nauyi da saurin sauti da iya riƙe caji na simintinmu, a bushe da jiƙe, daga sanyin Janairu zuwa zafin Afrilu, abu ne da ɗalibin injiniyanci ko na kimiyyar fiziks a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, zai iya ɗauka a matsayin aikin kammala karatu. Haka tokar ɓuntun shinkafa da injinan casa na Kebbi ke tarawa: an san tana toshe kafofin kankare idan an ƙona ta yadda ya kamata, toshe kafofi kuma yana taɓa duk lambobin da muka ambata.

Sai maganar dalma, wadda mu a wannan yanki ba za mu ɗauke ta da wasa ba. Fiye da kashi 60 na nauyin PZT dalma ce. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Dalmar da ke gasasshen tangaran a ɗaure take, kuma na'urar 'yar ƙarama ce, amma haɗin 0-3 da niƙa yake farawa, watarana kuma za a rushe ginin a farfasa kankaren. Don haka masu bincike suka juya ga tangaran marasa dalma, mafi tsufansu shi ne na bariyam da taitaniyam, wanda aka sani tun shekarun 1940. Da shi duk lissafin sabo ne. Cajinsa wajen 190 ne. Kubik mitarsa kilo 6,000 ne, ke nan rabi da rabi a girma ya koma kashi 75 na nauyi, inda turjiyarsa za ta yi daidai da ta kankare ma ya gusa. Kuma yana rasa saitinsa gaba ɗaya a wajen digiri 120, alhali PZT yana jure daga 190 zuwa sama da 350 gwargwadon nau'insa. Man silikon mai digiri 130 da ya yi wa PZT daidai ya yi masa zafi, dole a sauke zafin a nemi ramuwa a tsawon lokacin saiti, a girman ƙwaya, da ɗan kabon da za a barbaɗa.